Neman Karanshaf a Apo

Ƙaurin baƙin mai da warin fetur ɗin da ake wanke ƙarafa da shi ne suka tarbe mu tun kafin mu sauka daga tasi. Garejin yana Jikwoyi, a gefen Abuja, a inuwar wani mangwaro. A nan tsohuwar motar Baba take, bakinta a wangale, an kwashe kayan cikinta an jera a kan kwali.

A lokacin na gama jami'a, ina zaman jiran bautar ƙasa, ba ni da aiki sai karatu da leƙen taga. Na yi mamaki da Baba ya ce in raka shi, don ko sufana ban taɓa riƙewa ba.

Motar ta girme ni. Ya saye ta tun yana ƙaramin ma'aikaci a ma'aikatar gwamnati, ga shi har ya yi ritaya tana nan. Injinta ne ya buga a hanyar Nyanya. Bakaniken da ya daɗe yana duba ta, wani dattijo mutumin Filato, ya nuna mana abin da ya lalace: wani ƙarfe mai nauyi, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar ƙashin bayan dabba. Karanshaf sunansa. Shi ne ke karɓar bugun fistan, ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin inji, ya mayar da shi juyi. An sha goge shi a baya har ya siranta, babu sauran naman da za a ci.

"Alhaji, ka bar wannan injin ya huta," in ji bakanike. "In sa maka na wani mota, gobe ka tafi."

"In ka sa mata injin wata, ai ba ita ba ce kuma," Baba ya ce. "Motar da Hajiya ke jin muryarta tun daga kwanar layi ta ɗora ruwan shayi?" Mama yake nufi.

"Tarinta take ji, Alhaji, ba murya ba."

Suka yi dariya, amma maganar a fili take. Damina ta kawo kai, buɗaɗɗen inji ba ya jira. In ba a samu karanshaf irin nata ba, baƙon inji za a dasa mata.

Muka naɗe tsohon karanshaf ɗin a buhu, muka sa a bayan tasi, mu uku sai kasuwar kayan mota ta Apo. Haka ake yi, ba a zuwa da bayani a baki, da gawar ake zuwa a nemo ɗan'uwanta. A hanya bakanike ya yi mini karatu. Injin nan karanshaf iri biyu aka yi masa. Akwai na zubi, wanda aka narka ƙarfe aka zuba, akwai na ƙira, wanda aka daka da zafinsa. Na Baba na ƙira ne. In ka duba gefen na zubi za ka ga layi siriri kamar zare, na ƙira kuwa layinsa faffaɗa ne kamar an shafa da ɗan yatsa. Ni dai sunayen ne suka burge ni, na yi ta maimaita su a raina har muka isa.

A shagon farko babu. A na biyu aka ce sai dai Legas. Can ciki muka samu wani mai shago, ƙato mai fara'a, ya jingina karanshaf-karanshaf a bango a tsaye kamar masu jiran layi.

"Oga Alhaji, ka zo gida! Wannan kuma injiniyanka ne?" Ya nuna ni da jakata da farin mayafina.

"Ita ce ma ogan," Baba ya ce.

Na farkon da aka fito da shi, da ido ba ka raba shi da namu. Bakanike ya goge gefensa da tsumma ya kira ni. Ga zaren nan siriri. Na ce na zubi ne, a hankali, don ina jin kunya. Aka mayar da shi.

Na biyu layinsa faffaɗa ne. Aka kwantar da shi kusa da namu, kai da kai. Ramukan ƙusa na gindinsa sun yi daidai. Bakanike ya fito da ma'auninsa ya bi wuyan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Sai Baba ya ce a rataye shi da igiya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa in an buge shi, mai tsaga a ciki kuwa muryarsa a shaƙe take.

"Mamana," haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "in na buga ki ɗaga hannu. Kada ki sauke sai kin daina ji."

Ya buga da sufana. Ƙarar ta fito ta mutu nan take, kamar an ƙwanƙwasa fasasshiyar tukunya. Ban ma gama ɗaga hannun ba na sauke.

"Haba ƙanwata, ki riƙe hannun nan kaɗan mana!" mai shago ya ce. "Ni ne fa yayanki."

Ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya jawo wani, duk tsatsa da busasshen giris. Aka wanke, aka duba layi, aka gwada ramuka, aka rataye. Baba ya buga.

Har yau ina iya jin wannan ƙarar. Siririya ce, mai tsabta, ta ratsa ta cikin hayaniyar janareto da kiran dillalai, tana tafiya tana ƙara siranta. Na rufe ido na bi ta. Da na buɗe, hannuna na sama, Baba kuma ba ƙarfen yake kallo ba, ni yake kallo.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Baba."

Ma'auni ya nuna an taɓa goge shi sau ɗaya, don haka bakanike ya zaga ya nemo meta masu ɗan kauri, waɗannan ɓawon ƙarfen da wuyan karanshaf ke juyawa a cikinsu. Muka bar tsohon karanshaf ɗin a can. Na waiwaya na gan shi a kwance a kan buhunsa, na ji wani iri.

Ranar da aka tayar da injin, hadari ya haɗo ta wajen Karshi. Motar ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama. Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikinta.

"Ita ce, Mamana?"

Na saurara sosai. "Ita ce."

Ya shafa gemunsa, ya ce alhamdu lillahi. Da muka shiga layinmu, Mama tana tsaye a bakin ƙofa.

Sai bayan shekaru, ranar da muka kai shi asibitin kunne, likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Mama ce ta amsa. Ta ce tun kafin ya yi ritaya ya daina jin siririyar ƙara, ko ƙararrawar ƙofa ba ya ji, kuma ya hana ta faɗa wa kowa. A shagon nan na Apo, duk bugun da ya yi, ko ɗaya bai ji amsarsa ba.