Ɗangana Mai Sirdin Keke na Yelwa

Kafin masu kifi su gama sauke kwanduna a kasuwar Yelwa, Malam Ɗangana ya riga ya share rumfarsa ya jera kayan aiki: basilla, wuƙa, sifana ɗaya, da gwangwanin man kaɗanya da matarsa Rahamatu ke yi masa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ɗinka sirdin keke na fata. Bana, shekara uku da samun Jihar Kebbi, ido ya fara gaza zura zare, ya ce daga wannan damina zai huta.

Idan ka kai masa keke, ba ya tambayar irin sirdin da kake so. Tsohon sirdin yake cirewa ya juya a hannu, ya shafa inda ya lotsa, sai ya faɗa maka yadda kake zama da irin hanyar da kake bi. Kuma ba ya ɓoye wa kowa cewa sabuwar fata tauri gare ta. Zai ce ka shafa mai daga ƙasa, ka yi gajerun tafiye-tafiye mako biyu, kada ka bari ruwan sama ya duke ta.

Hammadu, mai kai bandar kifi Shanga, har yau dariya yake idan ya tuna ranarsu ta farko. Ya ce zai jiƙa sirdin a tafki ya yi laushi da wuri. Ɗangana ya karɓe kayansa ya rataye.

"Ba ni sayar maka. In ka jiƙa shi, wata guda ya zama tsumma, kuma ni za ka zaga."

Sai da Hammadu ya yi alkawari. Shekara sha ɗaya yau, sirdin nan ne a kekensa.

Amma wanda ya fi kowa shaida shi ne Yohanna, ma'aikacin lafiya a Wara, mai zagaya ƙauyukan bakin tafki da akwatin allurar rigakafi. Ya taɓa faɗuwa ya bugu a ƙugu, sirdin roba kuma ya ƙara masa ciwo har tafiyar sa'a ɗaya ta gagare shi. Lokacin ƙyanda ne, kuma babu wanda zai karɓe shi. Ya zo Yelwa da takardar neman a ɗauke masa zagaye a aljihu, ya biya rumfar saboda wani ya ba shi shawarar hakan.

Ɗangana ya duba tsohon sirdin ya ce, "Kana gudun hagu. Mi ya same ka nan?"

Yohanna ya faɗa masa.

"Ƙauye nawa ke jiranka?"

"Tara, Baba."

"To riƙe takardarka tukuna. Ba ni kwana huɗu."

Ya zaɓi fatar bayan bijimi, ya faɗaɗa ta, ya yi ta murza gefen hagu da dutse mai santsi da mai har ya sauka. Ya gargaɗe shi cewa makon farko sai ya daure. Abin da Yohanna bai zata ba, bayan mako biyu sai ga dattijon ya sauko daga motar kasuwa a Wara da sifana a aljihu. Ya san a daidai lokacin fata ke saki, in ba a ɗaure notin gaba ba aikin ya lalace. Ya ɗaure, ya sa Yohanna ya zagaya fili sau biyu yana kallon zamansa, ya sha ruwa, ya bi mota ya koma. Yohanna ya gama ƙauyukan tara. Takardar kuwa bai taɓa miƙa ta ba.

Malam Ɗangana, kai ne ka san cewa mai keke ba don sha'awa yake hawa ba, wani wuri ake jiransa. Kai ne ba ka taɓa gaya wa mai saye ƙarya don ya ji daɗi ba. Baduku mai haƙurin fata, iyayen yaran ƙauyukan nan ba su san sunanka ba, amma da hannunka a lafiyar 'ya'yansu.

Yanzu 'yan kabu-kabu masu babur sun fara cika gari, sirdin roba kuma na kowane shago. An tambaye shi ko hakan na damunsa, ya ce a'a, duk wanda ya isa inda za shi lafiya, shi ke nan.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun ya yi albarka. Mu kuma masu sana'a, tela ne ko makanike ko malamin aji, kada mu ɗauka aiki ya ƙare ranar da aka karɓa aka tafi. Mu riƙa bin sawunsa mu ga yadda ya zauna wa mai shi, ko da sai mun shiga motar Wara.