Tiyon da Ban Canza Ba

Jiya na canza tiyon lagireton motata a ƙofar gida. Ko rabin awa aikin bai ci ba, sai kawai na tsinci kaina ina kuka.

Marigayi Baba kullum sai ya matsa tiyon tsohuwar motarsa ya ce, "Canza abin ga, ɗaurin roba ba gyara na ba." Ni kuwa in ce gobe.

Ranar da numfashinsa ya sarƙe, mun taso daga Zugu za mu asibiti Gummi, tiyon ya fashe, tururi da ƙaurin roba suka turnuƙe mu. Ina neman ruwa a fadama ya cika a cinyar Inna.

Har yau ban yafe wa kaina ba. Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba.