Yaƙin Labbo Direba da Gansakuka

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Labbo Direba a Gummi ya san amsar sallama ba ta zuwa da wuri. Za ka yi sallama, ya amsa da gefen baki, hancinsa manne da gilashi, hannun riga naɗe har kafaɗa, tsohon buroshin goge haƙora a hannu. Sai ya gama kankare kusurwar da yake kankarewa sannan ya waiwayo ya ce, "A'a, ashe mutum na!" Ni da nake taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa, ko wannan ba na samu. Gaisuwata ita ce, "Bawana, riƙe man bokiti."

Ku tuna yadda abin ya faro. Labbo ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota, ya kai albasa Kurmi ya dawo da goro. Da ya ajiye tuƙi, gab da ƙarshen mulkin soja, abokansa kowa ya dawo gida da abin arziki, wannan injin niƙa, wancan injin ban ruwa. Shi kuwa sai ya sauko da akwatin gilashi daga Ikko, naɗe cikin katifa kamar jinjiri. Jajayen kifayen da ya saya tare da shi ko Kwantagora ba su kai da rai ba. Bai damu ba. Ya wanke yashin gulbi ya shimfiɗa, ya dasa ciyayin ruwa da ya tono a fadama, ya tafi wurin masunta neman ƙananan kawara da ƙurungu masu rai.

Wani masunci ya dube shi ya ce, "Malam Labbo, waɗanga kihi ko romo ba su yi."

"Ba ci za ni yi ba. Kallo."

"Kallo? To ka zo bakin gulbi ka yi ta kallo mana!"

Labbo ya ce, "Gulbin naku na da gilashi?"

Kai, abin ya yi kyau da farko! Ya ajiye akwatin daidai taga don rana ta haska, kowa ya zo sai ya marmasa wa kifin ƙuli-ƙuli. Ana haka sai ga gansakuka. Ba irin koriyar nan ta bakin rijiya ba. Wannan shuɗi-shuɗi ce, mai yauƙi kamar miyar karkashi, ga ƙarni irin na tsohon tabki. Ta shimfiɗe bisa yashi, ta hau gilashi, ta lulluɓe ganyen ciyayin har suka fara ruɓewa. Ka kankare ta da safe, kafin la'asar ɗin gobe ta dawo da 'yan rakiya. Don tsabar girmamawa sai ya raɗa mata suna Hajiya. Kullum sai ka ji shi daga zaure, "Kulu! Hajiya ta dawo!" Matarsa Kulu, wadda ke ta fatan zuwa Makka, ta ce, "Oho dai. Gidanga har gansakuka ta riga ni."

Dabararsa ta farko katantanwa ce. Ya debo su a gulbi ya zuba, ya ce min, "Ka ga ma'aikata. Kafin Juma'a sun share ta." Juma'a na zuwa na leƙa. Katantanwa sun cinye ciyayinsa sun bar ƙashin ganye, Hajiya kuwa ko taɓa ta ba su yi ba, sai ma ta hau bayansu tana yawo. Na same shi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu faɗa.

"Na ɗauko ku ku kori ɓarawo, kun cinye mai gida, kun goya ɓarawo!"

Na ce, "Ubangidana, ko dai ba ka yi musu bayanin aikin ba ne?"

Da buroshi ya jefe ni.

Daga nan ya ce ruwan ne ba ya motsi. Akwai ɗan injin hura iska da ya zo da akwatin, amma kun san wutar garinmu a lokacin, baƙuwa ce mai saurin sallama. Sai Labbo ya ɗaure tiyo a bakin famfon keke ya tura cikin ruwan. Doka ta fito: duk mai son shayi a zauren nan, sai ya buga famfo tukuna. Babu babba, babu yaro. Ranar da dattawan Bukkuyum suka zo nema wa ɗansu auren 'yarsa Hassi, wallahi da idona na ga tsoho mai rawani yana sunkuye yana buga famfo, kumfa na tashi, yana haki yana cewa, "Mun zo neman iri ne." Labbo ya ce, "Na ji, Alhaji. Ƙara kaɗan, ƙurungu bai hito ba." Da suka tafi na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Gidan da sunka iya ba kihi iska ba su barin ɗiyata da yunwa."

Amma Hajiya ba ta tafi ba, ciyayi na mutuwa, kawara sun fara hawa sama suna haɗiyar iska. Labbo ya rame, abinci ma ba ya ci sosai. Kulu ce ta faɗa masa gaskiya tana tankaɗe. Ta ce, "Randata da ke lungu cikin duhu, ka taɓa ganin wagga ƙazanta cikinta? Kai ne ka aje abu ga rana kana ɗura mai ƙuli." Ya ce, "Mi ya haɗa randa da ilimin kihi?" Bayan 'yan kwanaki ya kira ni gefe, ya rage murya. "Bawana, na yi wani tunani. Duhu. Duhu da yunwa."

To, tunanin nasa ya faɗo daidai makon bikin Hassi. Ya janye akwatin daga taga, ya hana ƙuli, ya zaro sabon bargo daga kayan ɗakin amarya ya lulluɓe shi ruf, ya ce kada wanda ya bari ko tsinken haske ya shiga. Amarya na lalle ciki, kifi na lalle zaure. Matan da suka zo daga Anka suka ga ƙaton abu a rufe, sai magana ta zaga gida cewa Labbo ya saya wa 'yarsa talabijin. Wata gwaggonmu ta saki guɗa ta nufi bargo. Labbo ya taso da gudu daga tsakiyar baƙi, babbar riga na jan ƙasa.

"Gwaggo, kar ki buɗe!"

"Don mi? Ba mu gani?"

"Hajiya na ciki!"

Gwaggo ta ja da baya tana salati. Sai da Kulu ta fito tana dariya har da hawaye kafin tsohuwa ta yarda ba wata baiwar Allah aka rufe a akwati ba.

Bayan an kai amarya Bukkuyum ba tare da bargonta ba, muka buɗe akwatin. Jama'a, ruwa garau! Gansakuka ta yi baƙi ta saɓule kamar tsohuwar fata, kifaye sun yi ɗan fari amma suna nan da ransu. Labbo ya ɗauko tiyo don ya zuƙe dattin, irin yadda direba ke zuƙo mai daga tanki. Ya ja da ƙarfi, sai ya cika baki da gansakuka. Ya tofar, ya goge gemu. Na ce, "Yaya?" Ya ce, "Ta dai hi gas daɗi."

Hajiya takan leƙo jefi-jefi bayan nan, amma ba ta sake cin gari ba. Ciyayinsa suka yi tsiro har da fure.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da akwatin. Wata rana da hantsi muna zaune, ya daɗe yana kallon kifin, sai ya ce, "Ka san gulabe nawa na ƙetare da mota? Ban taɓa tsayawa na dubi ko ɗaya ba. Kullum sauri." Ya numfasa. "In na tahi, ka maida su gulbi. Ni na gayyato su, kar a bar su hannun wanda bai gayyace su ba."

Bayan sadakar bakwai na kwashe su a bokiti, Kulu ta bi ni har bakin ruwa da mayafinta. Ta ce in bari ita ta juye. Ta durƙusa ta karkata bokitin a hankali, suka tsaya jim a gefen ƙafarta, sannan suka shige.

Allah ya jiƙan Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabari ya cika shi da haske. Allah ya zaunar da shi inda ƙoramu ke gudana, inda babu sauran sauri. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.