Kwalbar Amfilifayar Bulus

Jama'a, abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun baya ina da shagon gyaran rediyo da lasifika a Durumi, kuma a layinmu ni kaɗai nake taɓa tsofaffin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, masu 'yar kwalba kamar ƙwan lantarki a ciki, irin waɗanda makaɗan jita ke so saboda daɗin sautinsu.

Kwalbar nan ƙafa takwas gare ta, kowace da aikinta. Ta biyu da ta bakwai su ke hura zaren ciki har ya yi ja, ta uku ita ke ɗauke da wuta mai ƙarfi wadda za ta iya kai mutum lahira, ta biyar kuwa nan sautin jita ke shiga. Ni ban yi boko mai nisa ba, da ajami na tashi, saboda haka in na gama gyara nakan rubuta aikin kowace ƙafa da ajami a 'yar takarda in manna a cikin akwatin, don in ya dawo gare ni kada in yi lalube.

Wata Talata wani mai suna Bulus, makaɗin jita a wata coci a Lugbe, ya kawo min amfilifayar mahaifinsa marigayi, ya ce tana gurnani. Na canza mata kondensa biyu, wato 'yan abubuwan da ke tara wuta, na goge ƙafafun kwalaben, na manna takardata, ya gwada ya yaba ya tafi.

Bayan mako biyu sai maƙwabcina mai walda ya ja ni gefe, ya ce ana ta magana wai na sa wa Kirista laya a kayan kiɗan coci. Wai amfilifayar tana kiɗa ita kaɗai bayan an kashe janareta, da aka buɗe aka ga rubutun Larabci, Bulus ya ce ai ni na sa. Ni fa, da ban taɓa bin boka ba, nake jan sallah a masallacin layinmu in liman ba ya nan! Kafin Juma'a mutum uku sun zo sun kwashe kayansu ba a gyara ba, cikinsu har da Musulmi.

Ranar Lahadi bayan azahar na ɗauki jakar aikina na hau mota zuwa Lugbe don in wanke sunana. Na tarar an tashi daga ibada, sauran dattawa huɗu da Bulus, wanda ya ƙi haɗa ido da ni. Babbansu, wani tsoho mai furfura, ya karɓe ni da mutunci, ya miƙo min takardar ya ce, "Malam, karanta mana abin da ka rubuta."

Na karanta musu layi layi, ina nuna kowace ƙafa da tsinken sukundireba. Na ce Hausa ce tsantsa, babu aya babu sunan aljani. Na kuma bayyana musu cewa irin wannan na'ura takan riƙe wuta a cikinta ko an zare waya, shi ya sa za a iya jin 'yar ƙara kafin ta mutu. Tsohon ya gyaɗa kai, na ga hankalinsu ya fara kwanciya.

Da na tsaya nan da shi ke nan, amma ɓacin rai ya sa na ce sai na nuna musu da ido. Amfilifayar tana gabanmu, wayar wutarta naɗe a ƙasa, janareta a kashe, rana tsaka. Na sauke sauran wutar da ke ciki, na auna da mita ta nuna babu komai, na yi bisimilla na zare babbar kwalbar na ɗaga ta sama, na ce ga ta, babu yadda za a yi abu ya yi kiɗa babu wannan.

Wallahi tallahi, tana hannuna zaren cikinta ya fara ja, ƙafafunta takwas a sarari ba su taɓa komai ba. Na ji ɗuminta yana ratsa yatsuna. Sai lasifikar ta ɗauki kiɗan jita, a hankali, kamar mai gwada tsirkiya kafin ya fara, alhali jitar Bulus tana rataye a bango ba a jona ta ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, dattawan suka ja da baya suna tasu addu'ar. Ya kai minti guda kafin ya tsaya. Na ajiye kwalbar a kan benci na fita.

Kun ga na je wanke kaina na dawo da abin da ya fi. Labari ya riga ni isa Durumi, wai a hannuna ta kama wuta. Wata uku ina buɗe shago ina rufewa babu mai leƙowa, daga ƙarshe na tattara na koma Bwari inda ba a san ni ba.

Bara na haɗu da Bulus a gidan mai a hanyar filin jirgi. Na kau da kai, ya biyo ni ya riƙe min hannu ya ce, "Malam, ka yafe ni. Tun ranar da aka binne Baba amfilifayar nan take kiɗa ita kaɗai, na kawo maka ne ko za ta daina. Da dattawa suka tambaya, tsoro ya kama ni, sai na nuna takardarka."

Na tambaye shi ina take yanzu. Ya ce tana ɗakinsa, ya cire kwalaben duka ya zubar, amma ba ta daina ba.

Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba, Allah ya ga zuciyata. Ni dai nasihata gare ku, kada tsoro ya sa ku ɗora wa bawan Allah abin da kuka san bai yi ba. Ku kuma masu gyara, in an kawo muku kayan mamaci, ku tambayi abin da yake yi a gida kafin ku sa hannu. Allah ya tsare mu da abin da ido ba ya gani.