Kwana Uku a Ibadan Muna Jiran Ciwo Ya Tashi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da Inna da ƙanena mai farfaɗiya. Irin tasa ba ta kayarwa. Sai ya ce yana jin warin ƙonanniyar roba, ya ƙafe ido, ya shiga tsinkar rigarsa. Hanyar Mokwa ta cinye mana wuni. A Jebba muka ci kifi, tsadarsa ta fi ƙayarsa yawa.

Mun sauka a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, gidan ƙanwar Inna mai sayar da fura a cikin gida. Jikokinta suka gaishe mu da Hausa, suka yi gulmarmu da Yarabanci.

A asibiti likita ya yi bayani. Idan ciwon ya tashi, wurin da yake tasowa a ƙwaƙwalwa yakan ja jini fiye da kima. Za a yi masa wata allura cikin daƙiƙoƙin farko, maganin ya bi jinin ya maƙale a can, na'ura ta ɗauki hoto, a kwatanta da na lokacin lafiya. In wuri ɗaya ne, ana iya maganar tiyata. Aka rage masa magani, aka manna masa wayoyi a ka. Shekaru muna roƙon kada ciwon ya zo, yau mun zauna jiransa kamar baƙo.

Ranar farko ciwon ya zo ina alwala, nas kuma ta leƙa wani gadon. Na tarar Inna ta ja labule, ta lulluɓe ƙanena da mayafinta, tana tofa masa addu'a ƙasa-ƙasa, yadda ta saba a gida don kada maƙwabta su ji. Allurar ranar ta tashi a banza, don ƙarfinta na awoyi ne kawai.

"Mama, kin ɓoye mana shi," in ji nas.

"'Yata, shekara nawa ina ɓoyewa?"

Rana ta uku da hantsi, ɗakin tsit, sai ƙanena ya ɗaga kai. "Inna, wa ke ƙona roba?" Babu hayaƙi ko'ina. Na ga hannunta ya kai ga mayafin, ya tsaya. Sai ta ɗaga murya ta kira nas, har na gadajen nesa suka waiwayo. Nas ta rugo ta yi masa allurar a kan lokaci.

A hoton komai dishi-dishi, sai ɗigo ɗaya yana ci kamar garwashi, sama da kunnen dama. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe nan yake zaune," ta ce.

Mun dawo Kaduna da doyar kasuwar Bodija da takardar ganin likitan tiyata. Na fahimci rufin asirin da muke yi, ciwon muke yi wa, ba ƙanena ba. Maƙwabciyarmu ta shigo sannu da zuwa, ta tambayi abin da ya kai mu.

"Farfaɗiya," in ji Inna.

Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar.