Mama Mai Wanki da Gado na Bakwai

Ranar Juma'a mai zuwa za a yi rashi a asibitin da 'yata take kwance, kuma ban ga alamar manyan wurin sun san da shi ba. Mama Mai Wanki ce za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, domin yatsunta sun fara ƙin lanƙwasuwa. Shi ya sa na ɗauki biro, ni kafinta da ban yi nisa a karatu ba, in faɗi abin da na gani kafin ta fice ta ƙofar baya yadda ta saba.

Ƙarfe shida na safe tana ɗakin wanki, can bayan ɗakin haihuwa, kusa da tankin ruwa. Masu shara su turo mata zannuwan gado, ta ware masu jini gefe, masu amai gefe, sauran ta zuba a inji. Wanda ya fi ƙarfin inji, ita da shi ne a baho. Kowane zane akwai lambar ɗaki da ta gado a bakinsa. Kafin ta tsoma shi a ruwa sai ta duba lambar, leɓenta ya motsa. Wajen shanya ya motsa, wajen guga ma haka. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka tsufa ne ya sa take magana ita kaɗai.

Autata, 'yar shekara tara, ciwon ƙoda ne ya kwantar da ita. Makon farko na yi addu'a har muryata ta dishe. Na yi azumin kwana uku, na kawo fasto sau biyu, duk inda na ji ana taron addu'a ina sahun gaba. Da kumburin jikinta ya ƙi sauka, sai bakina ya mutu. Ranar Lahadi in zauna a bencin baya na coci kamar baƙo. Uwar yara in ta durƙusa a gefen gadon, ni sai in fita baranda in tsaya ina cizon yatsa.

Wata rana bargon da Auta ta zo da shi daga gida ya bi kayan asibiti, ta yi ta kuka. Na nufi ɗakin wanki da faɗa a bakina. Daga bakin ƙofa na ji tsohuwa tana cewa ƙasa-ƙasa, hannunta cikin kumfa, "Ɗakin yara, gado na bakwai. Ubangiji, yau ma ya jiƙe da zufa. Ka sanyaya wannan jiki. Ka ba masu jinya haƙuri."

Gadon 'yata ke nan. Na ce, "Mama, kin san yarinyar ne?"

Ta ɗago. "Ashe mace ce? To, na gode da ka faɗa mini. Mako biyar ina kai wa Ubangiji zancenta, ban san ko in ce shi ko in ce ita ba."

Na gaya mata ni ne uban, bargonta na zo nema. Ban san abin da ya ja ni ba, na ƙara da cewa ni kam na gaji da roƙo. Ta ci gaba da matsar zanen, ta ce, "Ɗana, mene ne sana'arka?"

"Kafinta ne ni."

"Ƙusa nawa kake bugawa a yini?"

"Wa zai ƙirga, Mama?"

"To kowace ƙusa ka ba ta kalma ɗaya. Kai ka kwashi addu'ar shekara ka zubar a mako guda, dole ka yi haki. Dubi wankin nan. Ka taɓa jin an gama shi? In wanke yau, gobe a turo wani. Wanda ya ce sai ya taru zai wanke, wari ne zai kore shi daga ɗaki." Ta miƙo mini bargon a goge, ta ce, "Amma ka riƙa duba yatsanka. Ubangiji bai ce ka rufe ido da guduma a hannu ba."

Rabona da dariya tun ranar da aka kwantar da mu.

Daga baya na yi ta tambaya a kanta. Sista ta ɗakin yara ta ce duk gadon da zanensa ya dawo tsaf ba a kwanta a kai ba, Mama za ta zo bakin ƙofa ta tambaya, "Sallama ce ko rasuwa?" In sallama ce ta yi godiya ta koma. In rasuwa ce, mako guda tana ambaton iyalin da ba ta taɓa gani ba. Ba ta tambayar addinin mai gado ko yarensa.

Mai gadi kuma ya ba ni labarin da ita ba ta bayarwa. Shekara goma sha biyu da suka wuce ɗanta na fari ya rasu a ɗakin maza na wannan asibitin, bayan ta yi wata biyu tana wanke zanensa tana roƙo. An ba ta hutun mako biyu. Rana ta huɗu ya gan ta ta shigo ƙarfe shida. Ya ce, "Haba Mama, ki koma gida." Ta ce, "Sauran gadajen akwai mutane a kai."

Wannan labari ne ya fi tsaya mini. Ni da na ɗauka addu'a ciniki ce, in bayar a ba ni nan take.

Mama, ke ce kika tsaya tsakanin baho da igiyar shanya shekara talatin da ɗaya kina ɗauke da mutanen da ba su san kina duniya ba. Ba ki taɓa hawa bagadi ba, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba. Uwar marasa lafiya, mai hannun da sabulu ya cinye. Ba ki yi mini alkawarin 'yata za ta tashi ba, kuma na gode da ba ki yi ba. Kin dai mayar mini da bakina. Yanzu a shago ina bugu ina cewa, "Yesu, Auta," wani lokaci iyakar abin da ke fita ke nan. Da yamma ina durƙusawa kusa da uwar yara, ko da gwiwata ce kaɗai ke magana.

Ku 'yan'uwa masu karanta wannan, kowa yana da abin da hannunsa ke maimaitawa daga safe zuwa yamma. Direba yana da birki, malama tana da littattafan da take dubawa, mai ɗinki yana da allura. Ku rataya roƙonku a nan, kada ku jira sai wuta ta kama. Wadda za a ɗauka a madadin Mama kuma, ina roƙonta ta riƙa duba lambar nan kafin ta tsoma zane a ruwa.

Allah ya huta gajiya, Mama, ya warkar da yatsun nan.

Ranar Litinin za a sake ɗibar jinin Auta a auna. Na tambayi likita ko maganin ya kama. Ya ce shi ma bai sani ba tukuna.