Tsakuwar da ta Rage a Cikina

Ni da Adda, yayata, ciwo ɗaya muka yi, tsakuwar maɗaciya, kuma aiki iri ɗaya aka yi mana: a ɗan huda ciki, a zura kyamara, a zaro maɗaciyar. Ita aka fara yi wa. Kafin a gama zuwa dubiya ta koma shagonta na atamfa a kasuwar Jimeta, har da ɗaga dilar kaya.

Nawa kuwa, maɗaciyar ta fashe wajen cirowa, tsakuwa ta watse a ciki. Likita ya gaya wa Dada, mahaifiyarmu, cewa sun tsince sun wanke, amma in zazzaɓi ya zo a dawo. Dada ta riƙe "sun wanke", ta yar da sauran.

Bayan wasu watanni gefen cikina na dama ya fara zugi, ga zazzaɓi kullum da yamma. In na kwanta, Dada ta leƙo.

"Tashi ki daka gero. Addarki ba mutum ba ce?"

"Dada, ciwo nake ji."

"Ciwon son jiki. Huji ɗaya aka yi muku."

Adda ma har da dariya. "Bar ta, Dada, madarar 'yan dubiya ce ta ƙare."

Wallahi na tsani lafiyarta. In ta sunkuya ɗaukar tsintsiya ba ta dafa ciki, ni kuwa atishawa ma sai na shirya mata. Duk unguwarmu ta Gwadabawa ita ce abin misali, ni ce raguwa. Ba abin da nake so irin Dada ta yarda da ni sau ɗaya.

Sai da na zube a bakin turmi aka tare keke napep aka kai ni asibiti. Hoto ya nuna mugunya ta taru ƙarƙashin hanta, da tsakuwa a tsakiyarta. Wannan karon yanka sosai aka yi min.

Da na farka Dada na gefen gado tana min fifita, ido ja.

"'Yar nan, me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa."

Ta ajiye maficin. Ta kai min cokalin kunu baki. Adda da ke tsaye a gefe ta miƙo hannu za ta karɓi kofin.

"Koma shagonki," in ji Dada. "Ni zan ba ta."

Na ƙoshi, amma na ci gaba da buɗe baki har Adda ta ɗauki jakarta.